Gaisuwa Mai Kilo Sittin

Jiya da dare, bayan na ci tuwo na miƙe ƙafa, wani mafarki ya zo ya mai da ni filin jirgin sama, ni da na dawo gida tun kwana goma sha biyu da suka wuce.

Bari in fara da abin da ya faru a farke, don kada ku ce duka shaci-faɗi ne. Sunana Lawwali, malamin dabbobi ne ni a Gusau, shekara goma sha tara ina yi wa awaki allura. An tura ni Misira kwas na wata tara. Ranar da zan taso, 'yan uwanmu Hausawa mazauna can suka yi mini irin rakiyarmu, wato kowa ya zo da ƙullinsa. Wannan abaya ce a kai wa matarsa, wancan maganin gwiwa ne na tsohuwarsa, wani kuma takalmin yaro wanda na tabbata ƙafar ta riga ta wuce shi. Mutum ɗaya ne bai ba ni komai a hannu ba, shi ne Baba Isiyaka, wani tela da ya je karatu yana saurayi, yau shekara arba'in da ɗoriya bai taka gida ba. Ya jira kowa ya gama, sannan ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ka tai Ƙaura," in ji shi, "ka biɗi yayata Saude, bayan tashar jirgin ƙasa. Ka ce mata Isiya na gaishe ta, kuma bai mance ba. Ba ta waya ba, ɗana. Ka zamna ƙasa gabanta ka faɗi da bakinka."

Na ce, "Za ta ji, in sha Allahu," irin yadda muke faɗa ba tare da mun tsaya mun auna ba.

To, a mafarkin sai ga ni a ƙofar filin jirgi da akwatunana uku. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama. Kowa ya jiƙe daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, huluna kuwa a bushe. Can sama kududdufai sun taru, har da kwaɗi a ciki. Ban yi mamaki ba. Na dai tattare wandona na shiga.

A ciki akwai dogon layi. Na lura duk wanda ya yi sauri sai kantar duba tikiti ta ƙara nisa da shi. Wani mai kwat ya ruga da gudu, har yanzu ina jin ƙarar takalminsa can nesa. Ni da ma ba mai gaggawa ba ne, kowa a gidanmu zai shaida. Na zauna a kan akwati na ciro dabino ina ci. Ban kai ga na huɗu ba kanta ta taho da kanta ta tsaya a gabana.

Wata jar akuya ce a bayan kantar, da tabarau a kan hanci. Ta dube ni ta saman tabaran.

"Kai ne mai allura," ta ce.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Hannunka ba shi da nauyi. Kawo tikiti."

Na miƙa mata. Ta cinye shi tsaf, ta lashe baki, ta ce ya yi, kwanan watan ma daidai ne. A wannan ƙasa tikitin da ba a ci ba ba ya aiki. Raina ya yi fari, domin tun a Misira nake fargabar an rubuta sunana ba daidai ba.

Aka ɗora akwatunan a kan sikeli. Allurar ko motsi ba ta yi ba.

"Kayan da ake jira ba su da nauyi," in ji akuyar. "Kai za ka hau."

Na hau. Ni da na san kilona saba'in ne, sai ga allura ta kai ɗari da talatin da huɗu tana rawa. Akuyar ta cire tabarau ta goge a ƙirjinta.

"Gaisuwa nawa ka ɗauko?"

Na ce ban ƙirga ba. Ta ce kowa haka yake faɗa, in yi tari. Na yi tari, sai ga su suna zubowa a tiren da ta tara mini, ƙanana ƙanana kamar tsabar gero: a gaida gida, a gaida yara, a gaida mutanen Gusau baki ɗaya, a gaida duk wanda ya tambaye ni. An auna su duka kilo huɗu. Ta ce waɗannan ba laifi, iska ma tana kai su. Ta juye su a wani kwando da ke gefe, inda na sauran fasinjoji suke ta gunaguni a hankali.

"Saura sittin," ta ce. "Ƙara tari."

Wannan karon sai da na dafa kanta. Gaisuwar Baba Isiyaka ta fito ta zauna a kan sikeli. Girmanta ya kai buhu, an naɗe ta da ganye yadda ake naɗe goro, tana da ɗumi, tana ƙamshin man keken ɗinki. Wani dattijo a layi ma sai da ya gyara tsayuwa.

Akuyar ta nuna mini wata koriyar waya a jikin bango. "Ka sa ta a can. Nauyinta zai koma sifiri, kuma ta isa kafin ka ɗaure takalmi."

"Mai ita ya hana."

"To a yanka ta biyu. Rabin gaba ya bi ka yau, rabin baya ya biyo jirgin Alhamis."

Na yi tunanin tsohuwa ta ji ana gaishe ta yau, sai ranar Alhamis ta ji ba a manta da ita ba. Na ce ba za ta rabu ba.

Akuyar ta yi tuƙa na ɗan lokaci tana duba wani littafi mara rubutu. "Saura hanya ɗaya. Ita ta zauna a kujerarka, kai ka tsaya."

"Awa nawa ne?"

"Ya danganta da ƙafarka."

Na ce na yarda. Ta buga wa gaisuwar hatimi da kofato, ta ba ta kujerar bakin taga. Ni da na roƙi bakin taga tun wata biyu ban samu ba, amma ban yi hassada ba. Na saɓa ta a kafaɗa muka wuce.

Sai ga ni a wurin bincike. Wani bunsuru mai farin gemu ne a ƙofar, sanye da hular aiki da aka huda wa ƙahoni. Ya ce in cire takalmi, na cire. Ya ce bel da agogo, na cire. Ya ce inuwa. Na sunkuya na ɓare ta daga dugadugaina, na ninke na sa a tire, ta bi ta cikin na'ura tare da takalmana. Na ratsa ƙofar ƙarfe, ta yi atishawa sau ɗaya. Bunsurun ya ce wannan ba komai, sanyin ruwan nan ne.

Daga nan ya dubi abin da ke kafaɗata.

"Buɗe ta."

"Ba tawa ba ce, yallaɓai."

"Shi ya sa. Faɗe ta mu ji abin da ke ciki."

Na ƙanƙame ta a kafaɗa. Na san, yadda mutum yake sanin abu a mafarki ba wanda ya gaya masa, cewa a ƙasar nan gaisuwa sau ɗaya ake faɗarta, kuma wanda ya fara ji shi ne mai ita. In na buɗe baki, gaisuwar shekara arba'in ta zama ta bunsuru, Inna Saude kuma ta tashi a tutar babu. Layi ya taru a bayana. Wani ya ce in faɗa mana kowa ya huta.

Na sauke ta a hankali na ajiye tsakanin ƙafafuna. Na gyara riga, na ɗan rusuna.

"Yallaɓai, ina wuni?"

Ya yi turus. "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"Yaya tsayuwa? Yaya ƙafa? Yaya haƙuri da mutane?"

"Sai godiya," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka.

"Yaya iyali? Yaran duk suna cin ciyawa?"

Gemunsa ya soma rawa. Ya juya ya dubi bango ya daɗe. Da ya juyo idonsa ya yi ja.

"Shekara takwas ina bakin ƙofar nan," ya ce, "ba wanda ya taɓa tambayata iyali. Ƙaramin yana fama da zawo."

Na ce ya rage masa ɗanyen ganye kwana uku, ya ba shi dusa da ɗan gishiri. Ya rubuta a tafin kofatonsa. Sannan ya ce gaisuwar da na yi masa ta ishe shi, in ɗauki ta mutane in wuce. Na ji daɗi har cikin ƙashina, don ban taɓa fita daga wurin bincike na bar wani ya fi yadda na same shi ba.

Sai da na yi nisa na ga inuwar da aka mayar mini ba tawa ba ce. Gajeruwa ce, ta ɗaura zani, kuma da kaya a kanta.

A zauren jira na sami mai ita. Wata mata ce mai kimanin shekara sittin, tana zaune a ƙarshen benci da tawa inuwar a gabanta, doguwa mai hula. Muka yi musaya ba gardama. Ta ce sunanta Hajiya Tasalla, 'yar kasuwa ce daga Funtuwa, atamfa da turare take saro. A kanta akwai wani ƙulli irin nawa, sai dai ganyensa ya bushe ya yi fari.

Kafin in tambaya lasifika ta yi gyaran murya. Ta ce ana ba fasinjoji haƙuri, jirginmu ya tafi barkar suna, zai dawo da zarar an raɗa. Ba wanda ya yi tsaki. Wasu tumaki biyu suka shigo da faranti suna raba wa kowa awannin da zai jira. Nawa takwas ne. Kamar gyaɗa suke, sai ka ɓare ɗaya ka tauna ta ƙare sannan ka ɗauki wata. Na ɓare ta farko, ba laifi, har da ɗan gishiri. Na jingina da gaisuwar, ɗuminta yana gasa mini baya, na ce a raina ai jiran ma hutu ne.

"Taka da sauran ɗumi," in ji Hajiya Tasalla.

"Da saura. Taki fa, Hajiya?"

Ta ce in taɓa. Na miƙa hannu na taɓa. Sanyi ƙalau, har cikin farce.

"Wata yarinya ce mai aikatau a can ta ba ni in kai wa uwarta a Bakori," ta ce. "Da na sauka na ce sai na huta. Da na huta na ce sai na raba tsaraba. Da na raba na ce bari dai Sallah ta wuce. Ranar da na je, tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune."

Na janye hannuna daga ƙullin.

"Shekara shida ke nan," ta ce.

"Ba a sauke ta?"

"A sauke wa wa?"

Ta faɗi haka ba kuka, tana gyara gammon da ke ƙarƙashin ƙullin. Ni kuwa tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Inna Saude ta girmi Baba Isiyaka, shi kuma haƙoransa huɗu suka rage. Na dubi awanni bakwai da ke hannuna na watsa uku a baki gaba ɗaya da ɓawonsu. Suka tsaya mini a wuya, agogon bango kuma ya koma baya da minti ashirin.

Hajiya Tasalla ta bubbuga mini baya har na tofar. "Ba a cin su da garaje, malam. Kawo huɗu in taya ka. Ni ba inda za ni."

Na zuba mata a tafin hannu. Muka zauna muna ɓara muna taunawa, tana ba ni labarin yadda ake gane atamfa mai zuba tun ba a wanke ba. Ban taɓa jin daɗin zama da baƙuwa kamar wannan ba. Da muka gama na tambaye ta ko in gaishe mata da wani a Funtuwa. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce in kai wadda ke hannuna tukuna.

Jirgin ya shigo da ƙafa, a gajiye, da ƙullin goron suna a ƙarƙashin fiffike. An sa wa jaririn Sama'ila.

A ciki na zaunar da gaisuwar a bakin taga na ɗaura mata bel. Ni na tsaya a tsakiya na riƙe ƙarfe, yadda muke yi a bas. Zabi ne masu hidima, da ɗankwali iri ɗaya. Ɗaya ta tsaya a gaban gaisuwar da tire ta jira, da ta ga ba amsa sai ta ajiye mata ruwa ta ce manya ba sa cin abinci a hanya. Ta juyo gare ni.

"Kifi," ta ce da ƙarfi, sannan ta rage murya ta dubi ƙasa, "ko kaza?"

Na ce kifi. Ta yi mini godiya.

Matuƙin, wani tsohon rago mai ƙaho ɗaya, ya leƙo daga gaba ya tambaya ko akwai wanda ya san hanya. Kowa ya nuna wajen gidansu da haɓa. Ya dudduba, ya haɗa haɓoɓin ya raba, ya ce ya gane. Jirgin bai motsa ba. Ƙasa aka riƙa ja daga ƙarƙashinmu a hankali. Muka ratsa kududdufan nan na sama, wani kwaɗo ya manne a taga ya yi tafiyar awa guda kyauta. Rairayi ya wuce, duwatsu suka wuce, sannan itacen kuka ɗaya, sannan biyu. Tun ba a ga gari ba ƙamshin daddawa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Wani ƙato mai gemu a kujerar baya ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna motsi. Ƙafafuna sun yi tsami, amma zuciyata wasai take. Kowane ɗan lokaci nakan miƙa hannu in taɓa ganyen, in ji da ɗumi, in mai da hannu kan ƙarfe.

Wurin ɗaukar kaya a can daban yake. Akwatuna ne suke tsaye a layi suna jira, mutane kuma suna zagayawa a kan bel ɗin da ke juya kaya. Ga matar mai abaya ta zo wucewa a zaune, abayar ta fito daga akwatina ta ɗauke ta suka tafi. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, maganin ya gane ta tun daga nesa. Takalmin yaron ma ya sami yaronsa, bai shiga ƙafar ba, amma sun tafi tare suna murna. Kafin a jima akwatunana uku sun zama wayam. Bel ɗin ya ci gaba da juyawa ba kowa a kai. Na tsaya da buhuna ina kallon ramin da mutane suke fitowa, har aka kashe na'urar.

Wata baƙar akuya ta kwastan ta matso tana jan ƙafa.

"Ina mai wannan?"

"Ba ta san da zuwanta ba."

"To ba mai zuwa ɗauka," ta ce. "Kai ne ƙafarta."

Ta zana mata alli ta buɗe mini ƙofa.

Ƙofar ba waje ta fita da ni ba, cikin zauren gidana ta sa ni. An shimfiɗa darduma, matata Rakiya ta aiko da fura mai sanyi, ga mutane cike ana ta barka da dawowa. Na jingine gaisuwar a lungu bayan ƙofa na ce bari in ɗan sha ruwa. Wallahi zaman ya yi daɗi. Na ba da labarin kogin Misira, na ba da na wake da burodi da suke ci da safe, na kwaikwayi yadda direbobinsu suke faɗa, aka yi ta dariya. Duk sanda na yunƙura zan tashi sai wani ya yi sallama, kuma ba a barin baƙo a tsaye. Ranaku suka riƙa shigowa su ma ɗaya bayan ɗaya, kowace ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta gaishe ni, ta sha fura ta fita. Litinin ta zo da ƙanwarta Talata. Juma'a ta zo sau biyu, na ce mata ai kin zo, ta ce waccan ta makon jiya ce.

Wannan maganar ce ta sa na waiwaya lungu. Gefen ganyen ya soma fari. Na rarrafa na sa hannu. Sama sanyi, gefe sanyi. Na tura hannu can tsakiya, sai na ji ɗan ɗumi, kwatankwacin na ƙwan da kaza ta tashi a kai ba da jimawa ba. Kunya ta rufe ni. Na ɗauke ta ban yi wa kowa sallama ba, ana kira na ana cewa ga Asabar nan ta iso.

Taku ɗaya na yi na ga kaina a Ƙaura, bayan tashar jirgin ƙasa. Ashe kusa ce haka. Ban dubi gidan ba sai da na fara duba ƙofarsa. Ba tabarmi, ba maza zaune. Wata kaza ce kawai take tono a gindin bango. Na yi sallama.

Tana tsakar gida a kan 'yar kujera, ƙaramar tsohuwa, da faifai a cinya tana tsince wake. Hancinta irin na Baba Isiyaka ne sak. Ruwa a nan daidai yake sauka, daga sama zuwa ƙasa, yayyafi kaɗan, amma ba ya taɓa ta. Ba ta ɗago ba.

"Kai na baƙon Misira?"

"Ni ne, Inna."

"An ce ka sauka yau kwana goma sha biyu." Ta jefar da wata tsakuwa. "Mi yat tsai da kai? Awakin nan na filin jirgi?"

Na so in ce su ne. Ga sikeli, ga bincike, ga jirgin da ya tafi suna, duk a bakina suke, kuma duk gaskiya ne. Na waiwaya ko akwai akuya kusa da zan nuna, babu ko ɗaya.

"A'a, Inna. Awaki sun yi aikinsu. Ni ne."

Ta gyaɗa kai kamar da ma ta sani. Ta ajiye faifan a ƙasa, ta kakkaɓe zaninta, ta gyara ɗankwali, ta ɗora hannu biyu a kan gwiwa. Sai a lokacin ta dube ni.

"Yana da rai dai?"

"Yana da rai."

"To zamna ka faɗi. Ina saurare."

Na cire takalmi na zauna a ƙasa gabanta. Na jawo buhun na kwance igiyar, ganyen ya buɗe, ƙamshin man keke ya cika tsakar gidan. Na buɗe baki. Maimakon magana sai wata ƙara ta fito, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, tana karta tana karta. Inna Saude ta matso da kunne. Na sake gwadawa, ƙarar ta ƙaru.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Rakiya ce a bakin rijiya take kankare ƙanzon tukunyar tuwon jiya da cokali. Akwatunana uku suna saman kwaba, wayam, duk masu saƙo sun zo sun karɓi nasu tun makon farko. Na kwanta ina kallon silin, maganar tana nan a bakina ba ta taɓu ba.

Na tashi na ɗauki buta. Da na fito Rakiya ta dakata da kankarar ta dube ni da babbar riga a kafaɗa.

"Malam, ina zuwa da sassafe haka? Koko bai ma dahu ba. Kuma mutanen ofishinku sun ce yau za su zo yi maka barka."

"Ki ba su fura," na ce. "Ƙaura za ni. Motar farko ƙarfe nawa take tashi?"